Safiyar da Motar Baba Nomau Ta Miƙe

Yau da safe ina kan hanyar buɗe shago, ina karya kwanar masallacin unguwarmu sai na hangi tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidan Baba Nomau. Butoci jere gindin katanga, takalma zube, maza zaune.

Ban tambayi kowa ba. Jikina ya ba ni.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Nomau Shofer ya riga mu gidan gaskiya. Ya yi sallar asuba, ya ce a ba shi ruwa, kafin a kawo rai ya yi halinsa. Tun rana ba ta yi zafi ba munka kai shi makwancinsa.

Yanzu na dawo na zauna in rubuta ta'aziyya, amma ku yi mini haƙuri in kunka ga rubutun na tsalle-tsalle. Idona na ruwa, zuciyata kuma fal murna. Akwai abin da Allah Ya nuna wa tsohon nan kafin Ya ɗauke shi, kuma a gabana anka yi. Dole in faɗa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Salifu mai cajin waya da tura fina-finai a bakin tashar Ƙonni. Ina da tele guda da nake ratayewa a ƙofar shago, da benci biyu. 'Yan kabu-kabu da masu jiran mota nan suke rage rana. Baba Nomau kuwa yana da wurinsa, bakin bencin dama, inda inuwar dogon yaro ke fara sauka. Ko baƙo ya zauna nan, yara za su tashe shi.

Tsohon direba ne. Ya tuƙa manyan mutane tun babana na yawo ba wando.

Shi ba ya kallon fim yadda muke kallo. Wa ya kashe wa, wa ke son ɗiyar wa, ba ruwansa. Ana ta harbe-harbe sai ka ga yana gyangyaɗi. Amma hancin tsohuwar mota na leƙowa, za ka ji murya daga bakin benci:

"Tsai da shi nan, Salifu."

Sai in danna rimot hoto ya tsaya. Ya tashi, ya goya hannuwa a baya, ya matso gaban tele yana dubawa kamar dillali ya samu bijimi a kasuwar Illela. Samari na ta guna-guni an tsai da su tsakiyar faɗa, shi ko a jikinsa.

Ya ce wannan Marsandi ce ta manyan ƙasa, ku dubi fitilunta a tsaye. Waccan mai fikafikai a baya Kadilak ce ta Amurka, shan mai take kamar rairayi na shan ruwa. Ta Ingila mai 'yar mutum-mutumi a kan hanci kuwa, ya ce bai taɓa tuƙa ta ba, sau ɗaya ya gan ta a Sakkwato, ya cire hula ya gaishe ta.

Wata rana muna kallon fim ɗin Indiya, mugun attajiri ya faɗa rami da motarsa, ta kama da wuta. Samari na tafi. Baba ya ce a mayar baya. Ya nuna mana wadda ta taho a guje ƙofa huɗu gare ta, wadda ta faɗa ramin kuwa ƙofa biyu, kuma fitilar bayansu ba iri ɗaya ba. Ya ce masu fim ba mahaukata ba ne da za su ƙona motar alfarma, wani gwangwani sunka shafa wa fenti sunka tura. Munka duba, haka ne. Tun ranar ban sake jin tausayin motar fim ba.

Shi ya koya mini kallo. Ni lakwal, wato boko, ban yi nisa ba, kowa ya sani. Ya ce mini karatu daban ido daban, kai ido gare ka, kada ka bari a raina maka shi. Ya ce kada in dubi fenti, fenti riga ne. In dubi fitila, in dubi hanci, in dubi ta inda ƙofa ke buɗewa.

In zan tafi neman man janareta shi ke tsare mini shago, kuma bai taɓa ba wani wayar wani ba.

In jikarsa ta kawo masa fura da rana, tun bai kai baki ba zai raba biyu.

Lokacin da innata ta kwanta asibiti, kullum sai ya tako da sandarsa ya zauna kusa da ni a baranda. Zama kawai.

Amma akwai mota guda da ta zame masa ƙaya a ƙafa.

Ya ce a ƙuruciyarsa ya yi wa wani Alhaji mai fataucin shanu da goro tuƙi. Alhajin ya sayi wata motar Faransa a Yamai, hannun wani bature da zai koma gida. Sunanta De-es. Ya ce motar nan in ka kashe ta ta huta, sai ta gurfana a hankali har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, kamar raƙumi. In ka tada ta da safe ba ka taɓa giya, jira za ka yi. Za ka ji wani abu na ƙas-ƙas-ƙas a cikinta, sai baya ya ɗaga, sannan gaba ya biyo. Sai ta miƙe tsaye tukuna ka kama hanya.

Ya ce sitiyarinta ƙafa ɗaya gare shi. Birkinta ba feda ba ne, wani ɗan dunƙule ne a ƙasa da kake taɓawa da yatsun ƙafa. Ya ce ya taɓa ɗauko Alhaji daga Illela tun hanyar na gargada zalla, da ƙwaryar nono a kujerar baya, har Ƙonni ko ɗigo bai zube ba.

Nan ake fashewa da dariya.

Iliya makanike, wanda garejinsa ke kallon shagona, ya ce shi tun yana rarrafe yake ƙarƙashin mota, ƙarfe ba ya gurfana. Habu ɗan kabu-kabu kuma kullum tambayarsa ko ana ba motar dusa da kanwa. Haka sunan Baba Raƙumi ya bi shi. In ya wuce, yara su durƙusa su miƙe a bayansa, suna turo ɗuwawu sama tukuna, suna ƙyalƙyala dariya.

Ni ban ce na sani ba, don ban gani ba. Abu guda dai na lura da shi. Duk sanda ya ba da labarin nan, bai taɓa canza shi ba. Mai ƙarya yakan ƙara gishiri, yau ya ce kaza gobe ya ce kaza. Shi kullum baya tukuna, sannan gaba.

Matsalar ita ce ba shaida. Motar ta daɗe da tafiya. Ya ce ruwan da ke ɗaga ta ya tsiyaye, ba a samu wanda ya san gyaranta ba, ta gurfana a gidan Alhaji ba ta sake tashi ba, har masu gwangwan sunka yanka ta. Alhajin ya rasu. Abokan tuƙinsa sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Inna Tabawa matarsa kuwa bayan motar ya aure ta. In an tambaye ta sai ta ce ita dai ta ji, kamar yadda kowa ya ji.

Wannan ta fi yi masa zafi. Bai faɗa ba, a fuskarsa na gani.

Wani ɗan lakwal ya taɓa samo ɗan guntun bidiyo a waya, ga mota irin wadda Baba ke faɗi tana ɗagawa. Iliya ya ture wayar. Ya ce jiya-jiyan nan a waya ya ga akuya da tabarau tana tuƙa moto, wato babur, yanzu ba abin da kwamfuta ba ta haɗawa. In ana so ya yarda, a nuna masa a tsohon fim, na zamanin da ba a san wannan haɗe-haɗen ba.

Ni kuwa tsofaffin fina-finan Faransa ina da su jibge a kwamfuta, ba mai son a tura masa su. Sai na shiga bin su ɗaya-ɗaya in kasuwa ta yi sanyi.

Kuma motar na ciki. Tana ciki ƙwarai. Doguwa, hanci siriri kamar na kifi, tayoyin baya rabi a ɓoye, 'yan fitilun sigina can saman rufi ta baya. Ranar da Baba ya fara ganin ta sandarsa ta faɗi bai sani ba.

"Ita ta. Wallahi ita ta."

Amma kullum a guje take. Jandarma na bin ɓarayi, a guje. Minista ya fito ya shiga, ƙofa ta rufe, sai a yanke, sai ga ta kan gudron, wato kwalta, tana sheƙa gudu. Masu fim ba su da haƙurin jiran mota ta miƙe. Iliya ya ce to ga mota mun gani, kyakkyawa ce ba musu, ina gurfanawar?

Ana cikin haka yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. A da daga benci yake gane mota. Ya koma sai ya taso. Ya koma sai hancinsa ya kusa taɓa gilashin tele.

Bayan sallar layya da ta wuce, wata rana da azahar kowa ya watse, ya kama hannuna ya ce:

"Salifu, ba motar ta dame ni ba. Ranar da anka ɗauke ni, mutane za su yi shaida. Ban son a ce mutumin kirki na, sai dai akwai shi da ƙarya."

Na ce Baba, in dai tana cikin kwamfutar nan zan same ta. Ya ce in hanzarta dai, ido na shirin rufe shago.

To ga inda gizo ke saƙa. Mu a bakin shagon nan muna da al'ada. Fim na farawa, sunayen 'yan wasa na fitowa, kowa zai kama cewa wuce rubutu, wuce rubutu. Ba mai karantawa, ba mai jira. Hannuna ya saba, kafin ma a buɗe baki na tsallake. Ko ni kaɗai nake bincikena, haka nake yi.

Ran Laraba ta makon jiya da safe, na sa wani tsohon fim mai baƙi da fari wanda mun sha kallo, don dai kada tele ta zauna shiru. Na danna rimot in wuce rubutu, ya ƙi. Na bubbuga shi a tafin hannu, ya ƙi. Batir ya mutu. Na aje shi na ɗau tsintsiya, na ce rubutun ya ƙare don kansa.

Ina shara, bayana ga tele, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas.

Na waiwaya.

Can a bayan sunayen nan da ke fitowa suna ɓacewa, ga titi da sassafe. Ga De-es kwance a bakin hanya, cikinta dab da ƙasa, kai ka ce tayoyinta huɗu sun sace. Wani mutum a ciki ya tada ta, ya jingina yana kunna taba. Sai baya ya fara ɗagawa. A hankali, a hankali. Sannan gaba.

Ta miƙe!

Jama'a, ta miƙe. Fim ɗin nan yana hannuna tun da na buɗe shago, kullum muna tsallake ta.

Tsintsiyar ban san inda na jefa ta ba. Na bar shago buɗe da wayoyin mutane na fita da gudu. Hajo mai ƙosai da ke gefena tana kirana, tana tambaya ko gobara ce. Na ce ta tsare mini shago, ta fi gobara. Na tarar da Habu a bakin tasha yana goge moto, na ce maza mu ɗauko Baba. Ya ce lafiya? Na ce raƙumin ya tashi.

Habun da ke tambayar dusa da kanwa, shi ya goyo Baba a bayan moto, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. Ni ina biye da su a ƙasa, sandar Baba a hannuna, ina haki.

A hanya ne na tuna da idonsa. In muka je idon ya ƙi fa? In ya tsaya gaban tele bai ga komai ba sai hazo?

Kafin mu iso mutane sun taru, Hajo ta riga ta baza labari. Iliya ya ƙetaro titi da sifana a hannu, hannuwa duk baƙin mai. Na zare batir daga tocila na sa wa rimot, na mayar da fim farko.

Zan danna, Baba ya ce in dakata. Ya karɓi sandarsa, ya juya wa tele baya, ya fuskanci mutane.

"Ni na san ta. Ku za ku duba."

Na ƙure murya, na danna. Wuri ya yi tsit, har man ƙosan Hajo ana ji yana tafasa. Baba ya karkata kunne. Injin ya tashi, ya ce yanzu direban na jira, bai taɓa giya ba. Munka duba, mutumin na kunna taba. Ƙas-ƙas-ƙas ya fara, ya ce ga famfon da ke ɗaga ta nan ya kama. Ya ɗaga yatsa ya ce baya. Baya ya ɗaga. Ya ɗan jira, ya ce yanzu gaba. Gaba ya biyo, daidai da saukar maganarsa, kamar shi ke ba ta umarni.

Bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

Habu ya ɗora hannu a ka. Hajo ta yi guɗa, ƙosanta na ƙonewa ba ta kula ba. Wani fasinja mai jiran motar Malbaza, wanda bai ma san kan zancen ba, ya kama kabbara tare da mu.

Sannan Baba ya juyo ya ce in sake. Ya matso har numfashinsa na taɓa gilashi. Ya ɗora tafin hannunsa a kan rufin motar. Da ta fara ɗagawa, hannun ya bi ta sama, a hankali, tare sunka miƙe. Na tambaye shi ko yana gani. Ya ce yana gani, har tsatsar da ke gindin ƙofa.

Shi kuwa Iliya, me zai yi? Ya tsuguna, ya karkace, ya kwanta da gefe yana leƙen ƙarƙashin tele, yadda ya saba leƙa mota. Hajo ta ce masa Iliya tashi, tele ce, ba ta da ciki. Dariya har da masu riƙe ciki.

Ya tashi yana kakkaɓe riga, bai sallama ba tukuna. Ya ce ai a fim mutum ma tashi sama yake yi.

Nan na ce a mayar baya, na tsai da hoto, na yi abin da Baba ya koya mini. Na nuna masa wata mata da ke wucewa ta gefen motar da dogon burodi a hammata. Motar na ɗagawa dab da ita, ko waiwaye ba ta yi ba. Direban ma tabarsa yake kallo. Na ce Iliya, in dabo ne sunka haɗa don a yi mamaki, don me za su rufe shi da rubutu? Su a wurinsu ba abin kallo ba ne, kamar yadda mu ba mu tsayawa kallon jaki na shan ruwa. Na wuce gaba kaɗan inda anka nuna cikin motar. Ga sitiyari, ƙafa ɗaya.

Iliya ya daɗe yana kallon sitiyarin nan. Ya aje sifana a kan benci. Ya zo gaban Baba ya durƙusa a cikin mutane, ya ce Baba ka yafe mini, bakina ya yi maka yawa.

Baba ya dafa kansa ya ce:

"Na yahe. Tashi. Amma baya tukuna."

Wallahi Iliya ya yi. Ya turo baya sama, sannan ya ɗago kai. Har direbobin tasha sunka baro motocinsu sunka zo ganin abin da ke faruwa.

Da hayaniya ta lafa, Baba ya jawo ni gefe ya ce in sa masa wurin a waya, Tabawa ba ta gani ba. Na yanko wurin, munka tafi gida tare. Inna Tabawa na tsakar gida tana tsince wake. Ta goge hannu a zane ta karɓi wayar, ta kalla, ta ce in sake. Ta sake kallo. Ta ɗago ta dube shi.

"Ashe da gaskiyarka, Malam."

Ya ce shekara nawa yana gaya mata. Ta ce to laifin wa, ai bai taɓa ɗaukar ta a ciki ba, a bisa keke ya kawo ta gidan nan. Yadda tsohon nan ya yi dariya ranar, ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai lokacin.

Haɗuwarmu ta ƙarshe shekaranjiya ce da la'asar. Ya zo ya zauna a wurinsa, bai ce a sa fim ba. Yara sunka wuce sunka kira Baba Raƙumi, ya ɗaga musu sanda ya amsa da na'am, yana murmushi. Ya raba furarsa biyu kamar kullum. Da zai tafi ya ce mini:

"Ka bar wuce rubutu, Salifu. Wa ya san abin da ke kwance bayansa?"

Ya ce sai gobe. Jiya bai fito ba, anka ce gajiya ce.

Yau a maƙabarta, bayan an rufe shi, ƙaninsa ya miƙe ya roƙi duk wanda marigayi ya taɓa saɓa wa ya yafe masa. Ana ta amsawa ƙasa-ƙasa. Sai muryar Iliya ta fito daga baya:

"Mu za a yafe wa. Mutumin nan bai taɓa yi muna ƙarya ba."

Kowa ya ji. Liman ya ce Allah Ya karɓi shaida.

Ya Allah, ga bawanKa Nomau ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka masa idon da ya dushe a nan. Ka ba Inna Tabawa da iyalansa haƙuri. Ranar da za Ka tada bayi, Ka tada shi cikin masu gaskiya.

Ku da ke karanta wannan, don Allah kada ku wuce shi kamar yadda muke wuce rubutu. Ku tsaya ku yi masa Fatiha, ko ba ku san shi ba.

In kuma wani ya ce Salifu ya ƙara gishiri, ba ni kaɗai na gani ba. Iliya makanike na garejinsa, ku tambaye shi. Habu na bakin tasha bisa motonsa. Hajo mai ƙosai ta gani, ƙosanta sun ƙone a kai. Inna Tabawa kuma ta gani da idonta, a tsakar gidanta, shi yana tsaye kusa da ita.